Ranar da Cokali Ya Durƙusa wa Manaja

Shekara arba'in da ɗaya ina dafa abincin taro. Ban yi makaranta ba, ban san harafi ko ɗaya ba, amma ka faɗa mini yawan mutane in faɗa maka yawan shinkafa, don ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A duk shekarun nan sau ɗaya tak na tsaya gaban jama'a na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba gishiri ne ya yi yawa ba, ba nama ne ya ƙi nuna ba. Cokali ne. Cokali da jikana.

Jikan nan nawa shekararsa talatin da ɗaya, gemu ya cika masa fuska, duk layinmu Darakta ake ce masa. Ba wanda ya naɗa shi. Shi ya je ya buga kati da hotonsa ya raba wa mutane, har mai kayan miya sai da ya samu biyu. Ya taɓa kiwon kaji, ya kunna musu rediyo wai su saki jiki su yi ƙwai, suka saki jiki gaba ɗaya. Ya taɓa buɗe wurin wankin mota, ya wanke ta farko gilasanta a sauke. Tun daga nan ya dawo gidana yana jiran babbar dama, yana cin kwano biyu kafin ta zo.

Wata Litinin aka kawo mini takarda daga kamfanin sabulu da ke bayan tashar mota. Na miƙa wa Darakta ya karanta. Kamfanin zai cika shekara ashirin da biyar, za a yi liyafar mutum ɗari huɗu. Sun gayyaci masu girki biyu, ni da wata, mu je ranar Alhamis da rana mu ba kwamitin mutum goma sha biyu ɗanɗano. Wadda suka zaɓa ita ce da aikin.

Ita ɗayar na san ta. Madam Gilashi ake ce mata, yarinya ce sa'ar 'yata ta ƙarshe, kuma shekara biyu ke nan duk wani babban taro ita ake kira. Har an fara cewa a bayan idona wai tsohuwa ta gaji, zamaninta ya wuce. Na ƙudurta a raina aikin nan ko ni ko ni. In ya kuɓuce mini, to in kife tukwanena in koma jan carbi a ƙofar ɗaki.

Darakta ya ƙara matso da takardar kusa da hancinsa. "Amaryata, saurara da kyau. Sun ce a kawo abincin kaɗan-kaɗan, da ƙananan cokula."

"Allah ya raba ni da miji irinka. Kaɗan-kaɗan kamar magani?"

"Ɗanɗano ke nan, Kaka. Loma ɗaya, a lumshe ido, a rubuta maki."

"Tukunyata mafi ƙanƙanta ta mutum sittin ce. Ba na hura wuta don loma goma sha biyu."

"Ki dafa ta mutum dubu in kin so. Ni dai abin da nake gaya miki, yanzu duniya ta ci gaba. Ba abinci ake ci ba, cokali ake ci. Ido ke fara ci kafin baki. Na yi kwas a kan wannan."

"A ina?"

"A waya. Kwana biyu cur."

"Da kwanciya?"

"Ilimi bai san zaune ko kwance ba. Ki bar mini harkar cokali. Wallahi in Manaja ya ɗaga cokalin da zan zaɓo, ko ruwan zafi kika zuba masa sai ya sa hannu."

Na buɗe baki zan kore shi, sai uwarsa ta leƙo daga ɗaki tana murza hannu. "Inna, don Allah ki ba shi. Cokali ne fa kawai. Me zai ɓata a cokali?"

Na ba shi. Ku rubuta wannan a cikin zunubaina.

Washegari da safe ina tsince shinkafa na ji hayaniya a waje. Na fita na tarar Darakta ya ari tef ɗin awo a wurin Tela, ya jera mazan layinmu a kan bencin mai aski, yana auna musu baki.

"Me nake gani haka?"

"Bincike, Kaka. Ba a zaɓar cokali da ka. Sai an san matsakaicin bakin ɗan Adam. Tela, buɗe."

Tela ya buɗe. Darakta ya auna tsaye, ya auna kwance, ya rubuta a littafi. "Ƙaramin baki gare ka."

"Da shi na aurar da 'ya'ya huɗu," in ji Tela. "Ka dawo mini da tef ɗina a bushe."

Mai aski ya ƙi buɗewa sai an gaya masa ko akwai kyauta ga wanda ya zo na ɗaya. Da jin batun na ɗaya, sai Mai Faci ya ture kowa ya zauna. Mai Faci mutum ne mai son gasa. Ko atishawa aka yi kusa da shi sai ya yi wadda ta fi ta.

"Auna nan ka ga baki," ya ce, ya wangale.

"Ƙara kaɗan," in ji Darakta.

Ya ƙara.

"Mai aski ya ce shi zai fi haka," in ji Darakta.

Mai Faci ya zaro ido, ya tattara ƙarfinsa duka, ya ƙara. Muka ji ƙas! Darakta ya auna, ya rubuta, ya ce, "Madalla, rufe." Bakin bai rufu ba. Muƙamuƙi ya goce. Mai Faci yana ta "aa, aa, aa", yawu na bin gemunsa, ƙuda biyu har sun fara shawagi suna duba ɗaki.

Mai aski ya ce, "Ikon Allah! Yau Mai Faci ya yi faci."

A bayan babur aka kai shi asibiti, baki buɗe yana shan iskar titi, Tela na riƙe da shi ta baya. Matarsa ta zo ƙofar gidana ta ɗaura ɗankwali a ƙugu. Sai da na cika mata kwano da nama kafin ta tuna cewa mu maƙwabtan arziki ne.

Darakta kuwa ko a jikinsa. Ya zauna ya haɗa, ya raba, ya cire bakin Mai Faci daga lissafi wai ya fita daga ƙa'ida, sannan ya sanar cewa cokalin da ya dace da ɗan Adam bai wuce tsawon ɗan yatsana ƙarami ba.

Ranar Laraba ya tafi kasuwa. Abin da ya faru a can, mai shagon robobi ne ya ba ni labari da bakinsa daga baya, yana rantsuwa yana dafa kai. Ya ce ya fito masa da ƙananan cokulan ƙarfe na shayi, Darakta ya ce na ƙauye ne. Ya fito da na katako, ya ce shi ba likita ba ne da zai danne wa mutane harshe. Can sai idonsa ya faɗa kan wani kwali a saman kanta: 'yan mitsi-mitsin cokulan roba, an shafe su da fenti mai ruwan azurfa, suna ta ƙyalli, da 'yan'uwansu masu yatsu.

"Waɗannan!"

"Yallaɓai, waɗannan na askirim ne. Abin sanyi ake..."

"Ka yi kwas?"

"A'a, amma shekara goma sha tara ina..."

"To ni na yi. Naɗe mini kwalin duka."

Da ya dawo ya aika a gaya wa maƙwabta cewa akwai gwajin ɗanɗano a gidan Kaka bayan azahar. Kun san sunan tukunyata a layin nan. Mutane suka ƙi cin abincin rana a gidajensu. Tela ya rufe shago, mai aski ya bar wani da rabin kai, har Mai Faci ya zo da ƙyalle ɗaure daga haɓa zuwa tsakar ka. Suka zauna a tsakar gida suna haɗiyar yawu, don ƙamshin miyar da nake gwadawa ya cika ko'ina.

Darakta ya fito da tire. A kai akwai kofuna na ruwan randa da cokulan azurfa.

Na ce, "Kai, ga miya a wuta. Kawo in zuba a gwada da abin da za a ci."

"Haba Kaka! Miya ta ɓata mini su tun kafin ranar? Ai riƙo za a gwada, ba ci ba. Jama'a, ku duba nan. Yatsa biyu. Ƙaramin yatsa ya kalli sama. A ɗebo, a kai baki, a lumshe ido."

Suka ɗebi ruwa suka kai baki. Mai aski ya lumshe ido, ya buɗe, ya ce, "To, mun wanke baki. A kawo."

"Shi ke nan ai. An gama. Yaya kuka ji cokalin?"

Sai Tela ya fara tari yana bugun ƙirji. Garin zuƙar ruwa cokalin ya bi, don ba shi da wani tsawon da za a riƙe. Mai aski ya ɗirka masa duka a baya, cokalin ya yi tsalle ya faɗa cikin randa.

"Kun gani?" in ji Darakta. "Ko haɗiye shi ka yi, ba ya tsayawa a wuya. Inganci ke nan."

Tela ya miƙe yana hawaye. "Hajiya, don darajarki ce. Da ba don ke ba, yau sai na ɗinke bakin yaron nan da zare biyu."

Mai Faci ya so ya ƙara nasa, ƙyalle ya hana, sai ya nuna Darakta da yatsa, ya nuna sama, ya tafa hannu. Kowa ya gane. Rabin miyar gwajin nan a cikin maƙwabta ta ƙare, don ba a shigo gidana da yunwa a fita da ita.

Ni dai hankalina bai kwanta da abin da ke ƙyalli haka ba. Alhamis da safe na ƙirga cokulan ƙarfena goma sha biyu, na naɗe a tsumma, na cusa a ƙarƙashin buhun albasa a cikin motar kaya. Ban gaya wa kowa ba. Aka ɗora tukwane uku, shinkafa da miya da soyayyen nama, aka ɗora murhun gas. Don ni ƙa'idata ɗaya ce tun ina budurwa: miya daga wuta sai baki. Wadda ba ta sa mutum ya hura ba, ba tawa ba ce.

Darakta ya fito cikin kwat ɗin aro da hannunsa ya tsaya a gwiwar hannu, da igiyar nan da suke shaƙe wuya da ita, da farar safar hannu. Ya rungumo akwatin sarƙoƙin uwarsa mai jan ƙyalle a ciki. Ya zazzage sarƙoƙin a kan gado ya jera cokulansa.

Ɗakin cin abincin ma'aikata aka kai mu, dogon zaure mai bencina da fanka uku a sama, warin sabulu har cikin maƙogwaro. An shimfiɗa farin ƙyalle a tebur ɗaya, kwamiti na zaune. Manaja a tsakiya, ƙaton mutum mai gashin baki kamar tsintsiya da farar riga tas. A damansa Shugabar Ma'aikata, mace mai ɗaurin kai kamar hasumiya, riƙe da biro. Har masinjan kamfanin na cikin kwamitin, can ƙarshen tebur.

Madam Gilashi ta fara. Ta jera wasu 'yan abubuwa masu sanyi a ƙananan kofunan gilashi, ta ɗora su bene-bene a teburinta, kowane da ganye ɗaya a ka kamar an yi masa hula. Kwamiti suka ɗanɗana da ƙananan cokulanta na ƙarfe, suka gyaɗa kai, suka rubuta. Na lura mutum biyu sun duba cikin kofin bayan sun gama, ko akwai saura.

Ta wuce ta gabana ta ce, "Sannu Mama. Har da murhu? Ai da kin huta."

Na ce, "In na huta wa zai ciyar da waɗanda kika ba ganye?"

Miyata na tafasa, mai ya taso ya yi ja a sama. Na sa hannu ƙarƙashin buhun albasa. Tsumma na nan. Na warware, sai ga katin Darakta guda goma sha biyu, hotonsa na yi mini murmushi.

Na kira shi da ido. Ya matso ya raɗa mini, "Na gan su, Kaka. Na cece ki daga abin kunya. Suna gida a kan randa."

Na duba wajen ma'ajin cokulan ɗakin, an datse da kwaɗo. Na tambayi mai shara, ta ce mai makullin ya tafi hutu. Shugabar Ma'aikata ta buga biro a tebur. "Mai girki ta biyu."

Na zuba miya a ƙananan kofunan shayi, tana tururi, na sa nama yanka bibbiyu a 'yan faranti. Darakta ya bi da akwatinsa, yana ɗaukar cokali da yatsa biyu yana tsoma wa kowa a kofi kamar mai dasa fure. Manaja ya miƙa hannu.

"Dakata, ranka ya daɗe!" in ji Darakta. "Cokali sai ya huta a cikin miya, su san juna. Kafin nan, ɗan taƙaitaccen bayani."

Na yi gyaran murya. Bai ji ba. Na buga marfi. Ya ɗaga mini safar hannu.

Ya fara daga zamanin da ɗan Adam ke ci da hannu. Ya gangaro kan binciken da ya ce ya gudanar a kan bakuna talatin, alhali bakwai ne, ɗaya ma a asibiti ya ƙare. Ya ce cokulan nan daga ƙetare aka yo odarsu, irinsu ake sa wa shugabanni a jirgin sama. Ya ce azurfar jikinsu tana ƙara wa miya zaƙi kashi arba'in cikin ɗari. Ni kuwa ina kallon kofin Manaja. Wutsiyar cokalin da ke tsaye ta fara kwantawa a hankali, kamar mai gyangyaɗi a wurin wa'azi.

"Yanzu," in ji Darakta, "yatsa biyu, ƙarami ya kalli sama. Bismillah!"

Mutum goma sha biyu suka ɗaga cokali lokaci ɗaya.

Na Manaja ya taso da miya, ya yi rabin hanya, sai ya sunkuyar da kai ya juye masa ita a ƙirjin farar riga. Na kusa da shi ya miƙe kamar ƙullin alewa, kan yana cikin kofi, wutsiya na hannu, zare na tsakani. Wani wutsiyar kawai ya ciro, ya leƙa kofin yana neman sauran. Shugabar Ma'aikata ta yi sauri ta kai nata baki kafin ya faɗi, ta zaro shi fari fat. Azurfar duka ta zauna mata a leɓe.

Manaja ya kalli rigarsa, ya kalli cokalin da ke lilo a hannunsa. "Malam, mene ne wannan?"

Darakta ko gezau. "Ranka ya daɗe, haka aka ƙera shi. Durƙusawa yake yi in ya ga babban mutum. Ka lura na masinja bai lanƙwashe sosai ba."

"Nawa narkewa ya yi," in ji masinja daga ƙarshen tebur.

"To ka ga, kai ma kana da gaba."

Manaja ya sake gwadawa, ya tallabo kan cokalin da ɗayan hannun, ya kai baki da ƙyar. Da ya ɗago, gashin bakin nan ya koma azurfa tun daga wannan gefe har wancan. Shugabar Ma'aikata ta kalle shi ta toshe baki. Shi ma ya kalle ta ya ga leɓenta na walƙiya kamar bakin kifi.

"Hajiya, bakinki."

"Yallaɓai, naka ya fi."

Darakta ya tafa hannu. "Mu wuce zuwa nama! A ɗauki mai yatsu."

Naman nan na soya shi yadda ake soya nama, ya yi ƙarfi a waje, laushi a ciki. Aka soka. Ƙas, ƙas, ƙas, ko'ina yatsun roba na karyewa suna tsalle a kan farin ƙyalle kamar fara. Wani dattijo a kwamitin ya ajiye nasa ya sa hannu zai ɗauka, Darakta ya riƙe masa wuyan hannu.

"Baba, a gaban Manaja? Ba a iya ba ne kawai. Ku kalle ni. A kwance ake shigarsa, da dabara."

Ya ɗauki sabo, ya zaɓi yanka mafi girma, ya karkace, ya danna da dukan ƙarfinsa. Cokalin ya lanƙwashe kamar baka, ya saki. Naman ya tashi sama, ya daki fanka, fanka ta buga shi kamar ƙwallo, ya ratsa zauren ya sauka cikin ɗaurin kan Shugabar Ma'aikata ya ɓace. Ta sa hannu tana lalube, hasumiya ta rushe mata a fuska.

Madam Gilashi ta ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Ni dai abin da ke damuna lafiyar mutane. Wannan fentin ba guba ba ne?"

Kwamiti suka fara tofe-tofe a hankici.

"Guba?" in ji Darakta. "Ni zan sa wa mutane guba? Ku gani da idonku!"

Ya fizgi cokula uku, ya tsoma cikin tukunyar da ke tafasa a kan wuta, ya juya, ya cusa su duka a baki, ya datse haƙora don ya nuna jarumta. Idonsa ya yi ja. Hawaye ya zubo. Ya so ya buɗe, roba ta kama haƙoran sama da na ƙasa ta ɗinke. Wutsiyoyi uku na leƙowa daga leɓensa.

"Mmm! Mmmm!"

Tun ranar da aka haife shi ban taɓa jin ya rasa abin faɗa ba sai ran nan. Ya ja da baya yana fifita baki da safar hannu, ya ja, ya ja, har ya zauna daram a kan teburin Madam Gilashi. Benen kofuna ya zubo masa a ka. Ganye ɗaya ya tsaya masa a kunne.

Manaja ya miƙe, ya rufe fayil ɗin gabansa. Ba ya dariya. "Hajiya, mun gode. Mun ga abin da za mu gani."

Wato ko loma ɗaya ta kirki ba wanda ya ci, kuma an gama da ni. Shekara arba'in da ɗaya, a ce a kan cokalin askirim zan kife tukunya. Madam Gilashi har ta fara gyara gilashinta.

Sai jiniyar kamfani ta yi kuka. Ƙarfe ɗaya, hutun cin abinci.

Ƙofa ta buɗe, ma'aikata suka kwararo cikin shuɗin kaya, hannu duk garin sabulu. Suka yi turus da ganin Manaja da gashin baki na azurfa da wani mai kwat a zaune cikin fasassun kofuna yana gurnani. Amma hanci ba ruwansa da kallo. Na ga kawunansu na juyowa wajen tukunyata ɗaya bayan ɗaya. Kuma na ga wani abu: kowannensu da cokalin ƙarfe a aljihun gaba, kusa da biro, da kwanonsa a hannu. Ashe tun da mai makulli ya tafi hutu kowa da nasa yake zuwa.

Na ɗauki marfi na buga da ludayi sau uku. "Kai, 'ya'yan nan! Ku yi layi. Ba na komawa gida da abinci."

Ba su jira an maimaita ba. Na zuba, na zuba, shinkafa tudu, miya kogi, nama a sama. Zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar ƙarfe a kwano da hure-huren miya. Wani ƙato mai ɗaukar kwali ya ci loma uku, ya ajiye cokali, ya ce, "Mama, ina kika shige tun da aka kafa kamfanin nan?"

Manaja ya kai bakin ƙofa da fayil ɗinsa, ya tsaya. Ya shaƙi iska. Ya juyo. Na ga maƙogwaronsa ya motsa.

Na cika kwano na dire a kan tebur. "Zo ka zauna. Tun ɗazu rigarka ce ke ci, kai ba ka ci ba."

"Hajiya, ai ba cokali."

Na ce wa ƙaton nan, "Kai, ka gama? Wanke naka ka ba ubangidanka."

Ya wanke a famfo, ya goge a rigarsa, ya miƙa. Manaja ya karɓa, ya juya shi, babban cokali ne har da lamba da aka ƙwarzana da ƙusa. Ya ɗebo, ya hura, ya kai baki. Bai lumshe ido ba, bai rubuta komai ba. Ya ƙara. Ya kwance maɓallin wuya ya ƙara. Sauran kwamiti suka bazu cikin ma'aikata suna roƙon aro, Shugabar Ma'aikata na bin mai shara tana cewa, "'Yar'uwa, in kin gama." Dattijon nan bai jira kowa ba, ya naɗe hannun riga.

Da kwanon Manaja ya koma fari, ya goge gumi ya ce, "Hajiya, aikin naki ne. Amma da sharaɗi biyu."

"Faɗi."

"Na ɗaya, a ƙasan katin gayyata za a rubuta: kowa ya zo da cokalinsa."

"Ya yi. Na biyu?"

Ya nuna Darakta, wanda makanikin injin kamfanin ya danne a benci yana ɓanɓaro masa roba daga haƙori da filaya. "Wancan, ko inuwarsa kada ta taɓa ƙofar kamfanin nan."

Na ce, "Ka rubuta wannan ma a katin."

Muka ɗora tukwane wayam a mota muka kama hanya. Darakta na zaune a baya tsakanin murhu da buhun albasa, leɓe a kumbure, gemu na ƙyalli. Shiru har muka wuce tasha. Na fara cewa a raina ko yau Allah ya shirye shi. Sai na ji ya leƙo ta tagar baya.

"Kaka."

"Me?"

"Kin lura dai dabarata ce ta jawo hankalinsu. Kuma na yi nazari, cokulan ba su da laifi. Miyarki ce ta cika zafi. Ranar liyafa in kika bar ta ta huce kamar awa ɗaya, akwai sauran kwali..."

Na ce wa direba ya tsaya. Ya tsaya. Na ce wa Darakta ya sauka ya duba mana tayar baya. Ya sauka, ya sunkuya yana cewa ai shi tun ɗazu ya ji alamar iska ta ragu. Na ce wa direba, "Mu je."

Daga nan zuwa gida tafiyar awa ɗaya da rabi ce a ƙafa, kuma rana ta take. In abu sai ya huce yake so, to ya fara da kansa.